Daga Charminar zuwa Delhi: me kujerar Owaisi ta tsinana wa mutanensa?

Ɗalibin Osmania:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka sa bidiyon nan na Asaduddin Owaisi yana yaga takardar wani ƙudirin doka a tsakiyar majalisar Indiya nake ganin ana ta tambaya a kansa. Wasu na cewa minista ne, wasu na cewa shi ne shugaban Musulmin ƙasar baki ɗaya. Bai taɓa zama minista ba. Ɗan majalisa ne mai wakiltar Haidarabad, garin da nake karatu, kuma shi ne shugaban jam'iyyar AIMIM, wadda mutanen gari ke kira Majlis kawai.

An haife shi a 1969. Ya yi digiri a Kwalejin Nizam da ke ƙarƙashin Jami'ar Osmania, ya wuce Landan ya karanto aikin lauya a Lincoln's Inn. A 1994 ya tsaya takarar majalisar dokokin jihar Andhra Pradesh a mazaɓar Charminar, tsakiyar tsohon gari, ya ci. Ya sake ci a 1999. Mahaifinsa, Sultan Salahuddin Owaisi, shi ke riƙe da kujerar Haidarabad a majalisar ƙasa tun 1984. A 2004 uban bai sake tsayawa ba, ɗan ya tsaya ya ci, kuma tun daga nan bai sauka ba: 2009, 2014, 2019, 2024. Shekara 10 ke nan a majalisar jiha, sama da 20 a Lok Sabha, wato majalisar wakilansu.

Ga abin da nake so mu tattauna. Lok Sabha kujeru 543 gare ta, jam'iyyarsa kuwa 1 tal take da shi a yanzu, nasa. Shin tafiyarsa Delhi ta ƙara wa mutanensa wani abu, ko suna kawai ta ƙara masa? Ni dai a ganina har gobe ƙarfinsa ba a Delhi yake ba, yana cikin lungunan tsohon gari ne.

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam ɗalibi. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni tun daga kan uba da ɗa na fara jin abin bai kwanta mini ba. Uba shekara 20, ɗa sama da 20, kujera ɗaya a gida ɗaya tun 1984. Wannan ai gado ne. Kuma na ji ƙaninsa ma ɗan majalisa ne.

Ɗalibin Osmania:
Haka ne Baba. Akbaruddin Owaisi yana majalisar jiha tun 1999, mazaɓar Chandrayangutta, kuma shi ke jagorantar 'yan jam'iyyar a can. Har kakansu ma, Abdul Wahed Owaisi, shi ya shugabanci jam'iyyar kafin mahaifinsu. Ba wanda zai musa maka cewa jam'iyyar gida ɗaya ce.

Amma a duba 1994 da kyau. A lokacin jam'iyyar ta tsage, Amanullah Khan ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar, MBT, bayan rushe masallacin Babri a Disambar 1992, yana zargin shugabannin Majlis da yin sanyi. A zaɓen jihar na 1994 kujera ɗaya kacal Majlis ta tsira da ita, ita ce Charminar ɗin da Asaduddin ya ci yana ɗan shekara 25. Gadon da aka ba shi a lokacin gida ne mai shirin rushewa. Yau jam'iyyar na da kujeru 7 cikin 119 a majalisar jihar Telangana, wadda aka cire daga Andhra Pradesh kuma Haidarabad ke cikinta yanzu, kuma 7 ɗin nan ta ci a 2014, ta ci a 2018, ta sake ci a 2023.

Dattijo Mai Rediyo:
Yara, ku bari in koma da ku baya kaɗan, don ba za a fahimci dalilin da ya sa mutanen nan suka maƙale wa gida ɗaya ba sai an san abin da ya same su.

Haidarabad daula ce mai zaman kanta a ƙarƙashin Nizam, sarki Musulmi, talakawansa kuma akasari Hindu ne. An kafa Majlis a 1927. Da Turawan Ingila suka tafi a 1947, Nizam ya ƙi shiga Indiya. Shugaban Majlis na lokacin, Qasim Razvi, yana da dakarun sa-kai da ake kira Razakar, kuma sun yi wa Hindu ɓarna mai muni a ƙauyuka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A Satumbar 1948 sojojin Indiya suka shiga, cikin 'yan kwanaki aka gama da daular. Abin da ya biyo baya shi ne ramuwar gayya a kan Musulmi. Kwamitin Pandit Sunderlal da Firaminista Nehru da kansa ya tura ya ƙiyasta mutum 27,000 zuwa 40,000 ne suka mutu, aka kuma ɓoye rahoton shekaru da yawa.

An haramta jam'iyyar, aka ɗaure Razvi. Da aka sake shi a 1957 ya tafi Pakistan, ya bar ragamar a hannun Abdul Wahed Owaisi, wanda shi ma lauya ne. Shi ya sake mata tsari ta amince da kundin tsarin mulkin Indiya. To ku duba, mutanen da jiya su ne masu mulki da aikin gwamnati, suka wayi gari ba aiki, ba kariya, manyansu sun yi hijira. Wanda ya tsaya tare da su a wannan hali, jikokinsu ba za su sake shi da wuri ba. Su kuma 'yan BJP, jam'iyyar Firaminista Modi, har yau da sunan Razakar suke yi wa jam'iyyar gori duk lokacin zaɓe.

Lauya Ɗan Zariya:
Allah ya ƙara wa Dattijo lafiya. Zan ɗora a kan tambayar ɗalibi ta fuskar doka, don nan ne amsar take.

Tsarin mulkin Indiya ya raba iko tsakanin tarayya da jiha dalla-dalla. 'Yan sanda na jiha ne, saɓanin abin da muka saba da shi a Najeriya. Filaye, asibitoci, ruwa, ƙananan hukumomi, duk na jiha ne. Saboda haka idan an kama ɗanka da dare, ko an zo rushe shagonka, ɗan majalisar jiha ne ke da bakin magana, ba na Delhi ba. Shi na Delhi abin da ke hannunsa kai tsaye kuɗin ayyukan mazaɓa ne, rupi miliyan 50 a shekara, wanda a birni kamar Haidarabad bai kai ya kawo ba.

Amma akwai abubuwan da majalisar jiha ba ta isa ta taɓa ba: wane ne ɗan ƙasa, tsaro, hulɗa da waje. Dokar aure da saki kuwa, idan majalisar ƙasa ta yi tata, ita ke sama. Kuma tun da Modi ya hau a 2014, da yawa daga cikin manyan dokokin da suka tayar wa Musulmi hankali daga Delhi suka fito. Dokar da ta mai da saki uku a lokaci ɗaya laifin da ake ɗaure mutum har shekara 3, a 2019. Dokar zama ɗan ƙasa ta Disambar 2019, wadda ta sauƙaƙa wa Hindu, Sikh, Buda, Jain, Parsi da Kirista da suka shigo daga Pakistan, Bangladesh da Afghanistan kafin ƙarshen 2014 samun takardar zama 'yan ƙasa, ta tsallake Musulmi. Sai gyaran dokar waƙafi a 2025. Da a ce Owaisi ya zauna a majalisar jiha, da duk waɗannan sun wuce ba tare da an ji muryarsa a inda ake yin su ba. Ni a wurina tafiyarsa Delhi daidai ce.

Baban Zahra:
To Barista, da ya je ɗin, wace ce ya hana? Dokar zama ɗan ƙasa ta wuce da ƙuri'a 311, masu adawa 80. Ya yaga takarda, washegari ta zama labari, dokar kuma ta ci gaba da tafiyarta. Ta waƙafi ma haka, ya yaga, ta wuce. Ni ɗan kasuwa ne, riba nake dubawa.

Lauya Ɗan Zariya:
Bai hana ko ɗaya ba, Alhaji, kuma ba mutum ɗaya da zai iya hanawa cikin 543. Amma aikin ɗan adawa bai tsaya ga ƙuri'a ba. A dokar waƙafi yana cikin kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu da ya duba ƙudirin, ya rubuta rashin amincewarsa sashe-sashe. Da ta wuce a Afrilun 2025 da ƙuri'a 288 da 232, yana cikin waɗanda suka fara garzayawa Kotun Ƙoli. A Satumbar shekarar kotun ta dakatar da wasu sassan dokar, har da sharaɗin nan na cewa sai mutum ya nuna ya shekara 5 yana bin Musulunci kafin ya iya ba da waƙafi. Ba shi kaɗai ya shigar da ƙara ba, ba zan ba shi ladan kowa ba. Amma hujjar da aka faɗa a zauren majalisa tana shiga kundin majalisa, kuma lauyoyi na ɗaukar ta su tafi da ita kotu.

Abin da ke burge ni da shi, da tsarin mulki yake jayayya. Zai tashi da gemunsa da hularsa da doguwar shirwaninsa, amma abin da ke bakinsa sashe na 14 ne, daidaito a gaban doka, da sashe na 25 da 26, 'yancin addini da gudanar da harkokinsa. Ya san wurin da yake tsaye da kuma harshen da alƙalai ke ji.

Maman Iman:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku. Na yi jinyar mahaifiyata a Haidarabad, kuma mun zauna kusa da tsohon gari saboda a nan abinci da masauki suka fi sauƙi, ga masallatai. Yaya Barista, duk abin da ka faɗa na ji, amma ina so ka shiga unguwannin da ke bayan Charminar, sannan ka hau mota ka tafi yammacin birnin inda kamfanonin kwamfuta suke, wajen HITEC City. Sai ka rantse ba gari ɗaya ba ne. Can benaye da tituna masu faɗi, nan kuwa kwata a buɗe, lungu mota ba ta shiga, yara maza da ya kamata suna aji suna gyaran babur. Jirgin ƙasan cikin gari ya fara aiki tun 2017, amma reshen da zai ratsa tsohon gari sai a 2024 aka aza harsashinsa.

Gida ɗaya na riƙe da wurin nan shekara 40. Idan ba su za a tambaya ba, wa za a tambaya? Raina ya ɓaci da abin da na gani, don mutanen kirki ne, sun karɓe mu hannu bibbiyu.

Ɗalibin Osmania:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma 'yan garin da kansu suna faɗa, musamman matasa masu ilimi. Magoya bayan Majlis za su ce miki jam'iyyar ba ta taɓa kafa gwamnatin jiha ba, kasafin kuɗi a hannun wasu yake. Wannan uzuri rabinsa ne kawai ya karɓu a wurina, domin kusan duk wanda ya hau mulkin jihar suna ɗasawa da shi. Sun yi tafiya da jam'iyyar Congress har Nuwambar 2012 da suka raba gari. Da aka ƙirƙiro jihar Telangana a Yunin 2014 suka zama aminan babban ministanta, wato shugaban gwamnatin jihar, Chandrashekar Rao, shekara kusan 10. Da Congress ta karɓe jihar a ƙarshen 2023, ba a daɗe ba suka daidaita da sabon babban minista Revanth Reddy. Wanda ke da kunnen kowane babban minista bai kamata ya ce ba shi da hannu ba.

Sai dai ga abin da ke sa a sake zaɓensu. Hedikwatar jam'iyyar, Darussalam, a buɗe take. 'Yan majalisar jiha da kansiloli suna zama a can suna sauraron koke: wannan an riƙe masa takardar fili, wannan an kama ƙaninsa, wannan tana neman gadon asibiti. Nan take a ɗaga waya a kira jami'in da abin ya shafa. Suna da kwalejin koyon likitanci ta Deccan, da asibiti, da bankin haɗin gwiwa, da jaridar Urdu mai suna Etemaad. A zaɓen hukumar birnin na 2020 sun ci kujerun kansila 44 cikin 150. Wannan ita ce igiyar da ke riƙe da kujerar Delhi. Talaka bai karanta jawabin sashe na 14 ba, amma ya san wanda ya fito masa da ɗansa daga ofishin 'yan sanda.

Maman Iman:
To ai ka ga matsalar ke nan ƙanina. An saba wa mutane da zuwa roƙon abin da haƙƙinsu ne. Idan unguwa ta gyaru, takarda na fita ba sai an kira kowa ba, wa zai sake zuwa layi?

Kuma akwai abin da ban gane ba. A Satumbar 2023 an kawo dokar ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisa. Mutum 454 suka amince, 2 suka ƙi. Biyun nan shi ne da ɗan jam'iyyarsa Imtiaz Jaleel. Ina dalili?

Lauya Ɗan Zariya:
Dalilin da ya bayar a zauren shi ne dokar ba ta ware kaso ga mata Musulmi da matan ƙabilun da aka bari a baya ba, don haka matan manyan gidaje ne za su kwashe kujerun. Wasu jam'iyyun ma sun yi wannan ƙorafin, amma da aka zo ƙuri'a suka bi ayari, shi ya ƙi.

Maman Iman:
Na ji dalilin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma da zai fi ƙarfi a bakinsa da a ce cikin 'yan majalisar jiharsa 7 akwai mace ko ɗaya. Babu. Na yaba masa dai a wuri guda: ya daɗe yana cewa a soke tallafin kujerar Hajji da gwamnati ke bayarwa a zuba kuɗin a karatun 'ya'ya mata Musulmi. Ba kowane ɗan siyasa Musulmi zai iya furta wannan a gaban jama'arsa ba. An soke tallafin a 2018.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Ni tambayata a kan zargin da na fi ji ne a kafofin labarai, cewa yaron BJP ne a ɓoye. Wai duk inda ya tsayar da ɗan takara sai ya raba ƙuri'ar Musulmi, jam'iyyar Modi ta wuce. 'Yan Congress ma sun sha faɗa. Mene ne gaskiyar wannan?

Ɗalibin Osmania:
Malam, a Indiya wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce, babu zagaye na biyu irin naku. Don haka tsoron raba ƙuri'a ba shirme ba ne. Amma a bi jiha-jiha.

A Uttar Pradesh a 2022 ya tsayar da 'yan takara kusan 100, bai ci ko ɗaya ba, ƙuri'unsa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Musulmin can jam'iyyar Samajwadi suka bi. A Bengal ta Yamma a 2021 ma bai samu komai ba, jam'iyyar babbar ministar jihar ta lokacin, Mamata Banerjee, suka zaɓa. Ka ga mutanen nan suna cika filin taronsa, suna tafa masa, ranar zaɓe kuma su dangwala wa wanda suke ganin zai iya kayar da BJP. Ba a yaudare su ba.

Inda ya yi tasiri Bihar ne da Maharashtra. A Bihar a 2020 ya tsaya a mazaɓu 20 cikin 243, ya ci 5, duka a yankin Seemanchal da ke kusa da iyakar Bengal da Nepal, yanki mai yawan Musulmi, mai fama da talauci da ambaliya duk damina. Zaɓen ya yi zafi, ƙawancen Modi ya samu 125, na adawa 110, shi ya sa aka ɗora masa laifi. A Maharashtra ya ci kujeru 2 na jiha a 2014. Ɗaya daga cikinsu, Imtiaz Jaleel, tsohon ɗan jarida, ya bi sawun maigidansa: daga majalisar jiha ya haye ta ƙasa a 2019 a Aurangabad, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 5,000 ba, da taimakon ƙawance da Prakash Ambedkar, jikan jagoran Dalit B. R. Ambedkar, wanda ya kawo ƙuri'un Dalit ɗin, wato mutanen da tsarin ajin Hindu ya ajiye a can ƙasa. Ƙawancen ya watse, a 2024 Jaleel ya faɗi.

Abu Kumasi:
Ni fa ina tare da Owaisi a wannan. Ƙidayar 2011 ta ce Musulmi kashi 14 ne cikin 100 na Indiya, mutum sama da miliyan 170. A zaɓen 2024 Musulmi 24 ne kacal suka shiga Lok Sabha, ba su kai kashi 5 ba. Jam'iyyun da ke cewa yana raba ƙuri'a, su nawa suke tsayarwa? Suna son ƙuri'ar Musulmi amma suna tsoron a gan su da shi. Rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya nuna yadda aka bar Musulmi a baya a karatu da aikin gwamnati, kuma yawancin shekarun da aka yi kafin rahoton Congress ce ke mulki. Don me za a ce wa mutum kada ya tsaya takara a ƙasarsa don kada wani ya faɗi? Ƙuri'ar Musulmi ba gadon kowa ba ce.

Baban Zahra:
Malam Abu, ban ƙi taka ba. Amma ka tambayi ɗalibi ina 'yan majalisa biyar ɗin Bihar suka ƙare.

Ɗalibin Osmania:
Huɗu sun sauya sheƙa zuwa jam'iyyar RJD ta Bihar a Yunin 2022, Baba. Akhtarul Iman kaɗai ya rage.

Lauya Ɗan Zariya:
Kuma ba su rasa kujerunsu ba, ga dalili. Indiya na da dokar hana sauya sheƙa tun 1985, mai tsauri ƙwarai: ka bar jam'iyyarka, ko ka saɓa wa umarninta wajen kaɗa ƙuri'a, kujerarka ta tafi. Amma an bar ƙofa ɗaya, idan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya suka koma wata tare, ana ɗaukar sa haɗewa ce. Huɗu cikin biyar ya wuce wannan. Ƙaramar jam'iyya kullum tana cikin wannan haɗarin, mutum uku ko huɗu kawai za a zauna da su a gama da ita.

Wannan ya ƙarfafa maganar ɗalibi ta farko, na yarda. A Haidarabad ɗan majalisar Majlis bai isa ya tafi da kujerarsa ba, don jam'iyya ce ta yi shi. A Bihar kuwa mutanen da suka riga suka yi suna a yankinsu ne suka ari tutar, da suka ga inda mulki ya karkata suka mayar da ita.

Dattijo Mai Rediyo:
Akwai abin da ba ku taɓo ba. Tazarar da yake ci da ita ƙaruwa take yi: kimanin 100,000 a 2004, sama da 330,000 a 2024 da ya kayar da Madhavi Latha ta BJP. Kada a ɗauka duk farin jini ne. Kafin gyaran iyakokin mazaɓu na 2008, mazaɓar Haidarabad ta haɗa da yankunan karkara irin su Chevella, Vikarabad da Tandur, inda Hindu suka fi yawa. Mahaifinsa da gumi yake ci, har da Venkaiah Naidu ya kara a 1996, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Bayan gyaran sai mazaɓar ta koma cikin birni zalla. Cikin ƙananan mazaɓu 7 da ke ƙarƙashinta, 6 na hannun Majlis, Goshamahal kaɗai ta gagare su. Kujera ce da ba ya fargabar rasawa, shi ya sa yake da sukunin yawo Bihar da Maharashtra, kuma shi ya sa yake iya faɗin abin da ɗan majalisa Musulmi na Congress ba zai iya ba, don shi wancan yana buƙatar ƙuri'ar Hindu a mazaɓarsa.

Na Maraɗi:
To Baba, ba a nan haɗarin yake ba? Idan shi yana da kariyar mazaɓarsa, Musulmin da ke ƙauyen Uttar Pradesh su kaɗai cikin Hindu fa? Zafin maganar da aka yi a Haidarabad su za su ɗanɗana kuɗarta.

Abu Kumasi:
A bambanta shi da ƙaninsa. Akbaruddin ne aka kama a farkon 2013 kan wani jawabi da aka ce na tunzura jama'a ne, kotu ta sallame shi a 2022. Shi Asaduddin ya fi taka-tsantsan da harshe. Kuma kada a ce yana magana ne daga inuwa. A Fabrairun 2022 an buɗe wa motarsa wuta a Uttar Pradesh yana dawowa daga yaƙin neman zaɓe, Allah ya kiyaye. Gwamnati ta ba shi tsaro na musamman, ya tashi a majalisa ya ce ba ya so. A Yunin 2024 wajen rantsuwar kama aiki ya ambaci Falasɗinu a ƙarshe, aka yi ta hayaniya har aka cire kalmar daga kundin majalisa. Wa ya rage a wannan zauren da zai yi haka?

Baban Zahra:
Amma shi ɗin ne kuma gwamnatin Modi ta sa cikin tawagar da ta tura Saudiyya, Kuwait, Bahrain da Aljeriya a Mayun 2025, bayan rikicinsu da Pakistan, ya je yana kare matsayin Indiya. Wannan fa?

Lauya Ɗan Zariya:
Wannan bai saɓa da tafiyarsa ba ko kaɗan, Alhaji. Tun farko matsayinsa shi ne Musulmin Indiya 'yan Indiya ne cikakku, sun zaɓi zama a 1947, ba su da wata ƙasa. Ya daɗe yana sukar Pakistan da ƙungiyoyi irin su ISIS a bainar jama'a. Tawagar ta ƙunshi jam'iyyu daban-daban, kuma ba shakka gwamnati ta amfana da ganin fuskarsa a ƙasashen Larabawa. Shi ma ya amfana, don jam'iyyar da ake yi wa gorin Razakar ta samu shugabanta yana magana da yawun ƙasa. Ko Musulmin da aka rushe wa gida da buldoza ya amfana, wannan ita ce tambayar da Hajiya za ta yi, kuma tana da gaskiyar yin ta.

Maman Iman:
Ita ce kuwa, Yaya. Kuma ina ƙara wa da ta yaran nan masu gyaran babur.

Ɗalibin Osmania:
Malam Na Maraɗi, kan zaɓen Bihar akwai ci gaba. A Nuwambar 2025 an sake zaɓe, Majlis ta nemi shiga ƙawancen adawa ba a karɓe ta ba, ta tsaya a wajen ƙawancen ta sake cin kujeru 5 a Seemanchal ɗin dai, bayan huɗun da aka kwashe mata. Congress, mai tarihin sama da shekara 100, kujeru 6 ta samu a duk jihar. Wannan karon ƙawancen Modi ya yi rinjayen da ba mai cewa Owaisi ne ya jawo.

Mutanen Seemanchal sun ba shi dama ta biyu ke nan, alhali waɗanda suka zaɓa da farko sun tafi sun bar su. Idan yana son kujerun nan su zauna, sai ya yi musu abin da kakansa da mahaifinsa suka yi a Darussalam: ofishin da ke buɗe kullum, kansiloli, makaranta, asibiti, mutumin da za a kira idan kogi ya cika ya shiga gidaje. Jawabin Delhi ya kawo masa ƙuri'a a can sau biyu, amma bai riƙe masa 'yan majalisa ko na shekara biyu ba. Kuma Hajiya, ko ya gina irin wannan a Bihar, tambayarki ta kwata da makaranta za ta bi shi can, don Kishanganj da ke Seemanchal ta fi tsohon garin Haidarabad buƙata nesa ba kusa ba.